Idan Rabin Maganin Ya Ƙi Jikin Mace: Furojestaron a Shekarun Rikicewar Al'ada

Duk shekara idan tashin alhazai ya ƙarato, akwai wata 'yar farar ƙwaya da maniyyata mata ke yawan nema a asibiti da kemis. Sunanta Primolut N, aikinta kuwa ta riƙe al'ada har a kammala ɗawafi. Mata da yawa sukan sha ta su je su dawo lafiya lau. Wasu kuwa ba a kwana huɗu da farawa sai ciki ya kumbura, nono ya yi tsami, kai ya riƙa sarawa, zuciya ta matso kusa, abu kaɗan sai kuka ko faɗa. Akan ɗora laifin a kan gajiyar tafiya da zafin Makka, kuma wani lokaci gaskiya ne. Amma a wurin wasu ƙwayar ce da kanta, domin abin da ke cikinta ɗan dangin furojestaron ne, ɗaya daga cikin sinadaran homon na mata, wanda ba kowane jiki ne ke shiri da shi ba.

Ga wadda za ta sha na mako biyu ta ajiye, haƙuri ya isa. Inda abin ke girma shi ne wurin matar da ta haura shekara 40, al'adarta ta fara rikicewa, zafi da zufa da rashin barci sun dame ta, likita ya ɗora ta a kan maganin homon. Maganin nan kashi biyu ne. Na farko, istrojin, shi ke kawo sauƙin da take nema. Na biyu, furojestaron, shi ke tsare mata mahaifa. Idan na biyun ya ƙi jikinta, takan ga kamar zaɓi biyu kawai gare ta: ko ta watsar da maganin gaba ɗaya ta koma cikin wahalarta, ko ta ci gaba da shan wanda ke mata daɗi ta tura ɗayan ƙarƙashin katifa. Na ƙarshen nan yana da haɗari sosai, alhali akwai hanyoyi da dama da suka fi su duka biyun.

Al'ada ba ta ɗaukewa dare ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata suna kaiwa nan tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Kafin nan akwai shekarun da gidan ƙwai ke aiki yana tsayawa. Istrojin ba ya sauka a hankali yadda mutane ke zato. Wani watan yakan hau har ya zarce na budurwa, wani watan ya faɗi ƙasa warwas. Furojestaron kuwa jiki ba ya yin sa sai bayan ƙwai ya fito, saboda haka duk watan da ƙwai bai fito ba, kusan babu shi. Daga nan ne jini ke zuwa da yawa har da gudaji, ko ya tsallake wata biyu ya dawo ba sallama. Daga nan ne zafin nan ke tasowa daga ƙirji zuwa fuska, mace ta farka tsakar dare zaninta sharkaf ko da lokacin hunturu ne, ga mantuwa, ga ciwon gaɓoɓi, ga bushewar gaba.

Abin yana daɗewa fiye da yadda ake faɗa wa mata. Wani dogon bincike a Amurka mai suna SWAN, wanda ya bi mata fiye da 3,000 tun daga shekarun 1990, ya ba da rahoto a 2015 cewa ga masu yawan fama da zafi da zufar dare, matsakaicin tsawon lokacin ya wuce shekara 7, ga baƙaƙen fata kuwa ya kai shekara 10. Wadda ta nemi magani a kan wahalar shekara goma ba raki ta yi ba.

Sai dai a ƙasashenmu ba kowace zufar dare ce ta homon ba. Tarin tibi yana kawo ta, ƙarancin jini yana kawo bugun zuciya da kasala, haka ma ciwon suga da matsalar maƙoƙo. Likita nagari zai fara kawar da waɗannan. Gwajin homon kansa bai cika amfani ba ga wadda ta wuce 45, tunda adadin yau ba shi ne na jibi ba, shi ya sa hukumar NICE ta Ingila ta ce a dogara da alamomi da yanayin al'ada.

Dalilin da ya sa ba a ba da istrojin shi kaɗai

An koyi wannan darasi da tsada. A 1942 Amurka ta amince da Premarin, istrojin da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki, kuma zuwa shekarun 1960 miliyoyin mata suna shan sa shi kaɗai. A watan Disambar 1975 mujallar New England Journal of Medicine ta buga bincike biyu da suka nuna cewa haɗarin sankarar cikin mahaifa ga masu shan sa ya ninka, ɗaya ya ce sau 4 da rabi, ɗayan ya ce fiye da sau 7. Istrojin a shimfiɗar cikin mahaifa kamar damina ne a kan ciyawa, furojestaron kuwa shi ne lauje. Idan ana ruwa ba a yanka, shimfiɗar takan yi kauri, ƙwayoyinta su fara sauya kama, wasu su rikiɗe su zama sankara.

Shekara ashirin bayan haka wani gwaji mai suna PEPI, da mata 875, ya auna girman abin. A cikin shekara 3, kusan kashi 6 cikin 10 na masu shan istrojin shi kaɗai shimfiɗarsu ta yi kaurin da bai dace ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku irin kaurin nan ne mai ban tsoro. Waɗanda aka haɗa wa furojestaron kuwa ba su bambanta da waɗanda ba su sha homon ba. Saboda haka ƙa'idar ta tsaya: duk mace mai mahaifa da ke amfani da istrojin mai shiga jini, ƙwaya ce ko filasta ko jel, dole a haɗa mata da abin da zai kare shimfiɗar. Wadda aka cire wa mahaifa akasari ba ta buƙata. Haka nan ɗan ƙaramin istrojin da ake sa wa a gaba saboda bushewa, shi ma ba ya buƙatar rakiyar furojestaron, domin kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa jini.

Mace nawa ce rakiyar ke damu? Likitocin mata biyu na Landan, Nick Panay da John Studd, sun rubuta a 1997 cewa kusan mace 1 cikin 5 na jin matsala a fili, kuma rabin waɗannan abin yakan tsananta har su daina maganin. Wasu gwaje-gwaje da aka kwatanta furojestaron da ƙwayar da ba magani a cikinta ba su ga wani bambanci ba idan aka haɗa mata duka aka yi lissafi. Maganganun biyu ba su saɓa ba. Yawancin mata ba su da matsala da shi, wasu ma barcinsu gyaruwa yake yi. Tsiraru ne ke shan wahala, amma wahalar tasu ta gaske ce.

A jiki, abin yana zuwa da kumburin ciki, nauyin nono, ciwon kai, ƙurajen fuska, maiƙon fata, jiri da barcin rana. Wanda ya fi ciwo shi ne na zuciya: ƙunci ba dalili, fargaba, saurin fushi, jin an tsani kowa har 'ya'yan da aka haifa. Mace mai fara'a sai ta wayi gari ba ta son ko a gaishe ta. A gidajenmu irin wannan sauyi yana da fassarori a shirye. Wani ya ce kishi ne, wata ta ce jifa aka yi mata, miji ya ce ta raina shi ne. Da wuya a sami wanda zai tambayi ranar da ta fara shan ƙwayar wannan watan.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Idan furojestaron ya shiga jiki, hanta da ƙwaƙwalwa suna juya wani kaso nasa zuwa wani sinadari mai suna alofuregnanolon. Shi wannan yana aiki a kan makarɓan GABA, wato wuraren da ƙwaƙwalwa ke karɓar umarnin natsuwa, inda magungunan barci irin su Valium ke aiki. Ga yawancin mutane sakamakon kwanciyar hankali ne. Har ma a 2019 Amurka ta amince da shi wannan sinadarin, da sunan Zulresso, a matsayin maganin tsananin damuwar da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Amma Torbjörn Bäckström da abokan aikinsa a Jami'ar Umeå ta Suwidin sun shafe shekaru suna nuna cewa a ƙwaƙwalwar wasu mata abin yana juyewa: a maimakon natsuwa sai tashin hankali da fushi.

Binciken da ya fi fito da maganar fili an buga shi a 1998. Peter Schmidt da David Rubinow, a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, sun ɗauki mata masu tsananin ƙunci kafin al'ada da waɗanda ba su da shi. Suka ba su allurar da ke dakatar da gidan ƙwai na ɗan lokaci, sai ƙuncin ya lafa ga da yawa daga cikin masu fama. Sannan suka mayar musu da homon, adadi iri ɗaya ga kowa. Masu tarihin ƙuncin sai ya dawo musu, sauran kuwa ko a jikinsu. Ma'ana, homon ɗin bai yi yawa ba, bai yi kaɗan ba, yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar sa ne ya bambanta. Wannan ne ya sa gwajin jini ba zai nuna wa likita komai ba, kuma wadda aka ce wa sakamakonta lafiya ƙalau ba ƙarya take yi ba idan ta ce ba ta da lafiya.

A 2017 ƙungiyar Schmidt ta ƙara gano wani abu mai amfani. Da suka riƙe adadin homon a wuri ɗaya na wata uku, ƙuncin ya taso ne a watan farko kawai, daga baya ya kwanta. Hawa da saukar ne ke tayar da ƙwaƙwalwa fiye da kasancewar sinadarin. Wannan ya bayyana abin da likitoci suka daɗe suna gani: wasu matan da ba sa jure shan furojestaron na mako biyu a daina, sukan zauna lafiya da ɗan kaɗan kullum.

Tarihin mace yakan yi gargaɗi tun kafin a rubuta mata magani. Idan tun tana budurwa mako ɗaya kafin al'ada ba ta shiga mutane, idan ta taɓa shiga damuwa bayan haihuwa, idan allurar wata uku ta Depo-Provera ko ta wata biyu ta Noristerat ko ashanar hannu irin su Implanon da Jadelle sun taɓa dagula mata rai har ta je aka cire, duk wannan labari ne da ya kamata likita ya ji, domin dukkansu dangin furojestaron ne. Mata da yawa ba sa faɗa saboda ba a tambaye su ba, ko don suna ganin maganar tazarar haihuwa ta shekara goma baya ba ta da alaƙa da yau. Abu na biyu shi ne rubutu. Ta samu kalanda ko ɗan littafi, kullum ta rubuta abin da ta sha da yadda ta wuni, na wata biyu zuwa uku. Idan ƙuncin yana farawa kwana kaɗan bayan ɗaukar furojestaron, yana tafiya idan an ajiye, to an kama ɓarawon. Idan kuwa yana nan kullum, a nemi dalilinsa a wani wuri. Wata ukun nan suna da wani amfanin kuma, domin tsamin nono da kumburi sukan lafa da kansu a cikinsu. Wadda ƙuncin ya kai ta ga tunanin cutar da kanta ba za ta jira kalanda ba, a ranar za a kai ta asibiti.

Akwai wani abu dabam, wanda ba kasafai ake ganin sa ba, inda bayan shan furojestaron fata ke fesowa da ƙuraje masu ƙaiƙayi ko borin jini, wani lokaci har numfashi ya sarƙe. Wannan ba ya cikin abin da ake haƙuri da shi, sai an ga likita nan take.

Dangi ɗaya, hali daban-daban

Matakin farko da likita kan ɗauka shi ne sauya iri. Abin da ke cikin Primolut N, wato noretisteron, wani matashin masanin sinadarai Luis Miramontes ne ya haɗa shi a kamfanin Syntex da ke birnin Meziko a watan Oktoban 1951, ƙarƙashin Carl Djerassi da George Rosenkranz. Ƙirarsa ta yi kusa da ta homon ɗin maza, shi ya sa shi da ɗan'uwansa lebonojestrel suka fi kawo ƙuraje da maiƙon fata. Wanda ke cikin Provera da Depo-Provera wani reshe ne dabam. Na cikin Duphaston, wanda mata da yawa suka sani tun lokacin da aka rubuta musu shi saboda barazanar ɓari, ya fi kusa da na jiki, kuma ana samun sa haɗe da istrojin a ƙwaya ɗaya mai suna Femoston. Macen da ɗaya ya ƙi ta, ba lallai ne ɗayan ya ƙi ta ba.

Sai kuma furojestaron wanda ƙirarsa daidai take da wanda gidan ƙwai ke yi. An daɗe ba a iya shan sa ta baki saboda hanji ba ya tsotsar sa sosai, sai da aka niƙe shi lilis aka zuba cikin mai. An fara sayar da shi a Faransa a 1980 da sunan Utrogestan, a Amurka kuma sunansa Prometrium. Mai matsala da gyaɗa ta kula, domin na Amurkan a cikin man gyaɗa yake. Wadda ke ganin al'ada akan ba ta miligiram 200 kowane dare na kwana 12 zuwa 14 a wata, wadda ta daina kuwa 100 kullum. Da dare ake sha domin yana sa barci, kuma ga mai fama da rashin barci wannan riba ce. Mata da yawa da sauran irin suka ƙi su sukan sami sauƙi a nan.

Amma ba kowa ba, kuma a nan ake yawan kuskure. Ana tallata shi a matsayin na asali wanda ba ya da illa, alhali shi ne ya fi kowanne juyewa zuwa alofuregnanolon idan ya bi ta hanta. Mai irin ƙwaƙwalwar nan za ta iya sauyawa zuwa gare shi ta ga an gudu ba a tsira ba. Dabarar a nan ita ce sauya hanya. Idan aka sa shi ta gaba a maimakon haɗiyewa, yakan isa mahaifa kai tsaye ba tare da ya fara ratsa hanta ba, jiri da nauyin kai su ragu. Ba a rubuta wannan hanya a takardar maganin a ƙasashe da dama ba, amma ƙungiyar likitocin Birtaniya masu kula da wannan fanni ta yarda da ita ga wadda ta kasa jure sha.

Zaɓin iri ya shafi maganar sankarar mama, wadda ita ce babban tsoron mata game da homon. Tsoron ya samo asali ne a Yulin 2002, lokacin da aka dakatar da wani ɓangare na babban gwajin WHI a Amurka. Mata fiye da 16,000 ne a ciki, matsakaicin shekarunsu 63, kuma masu shan Premarin haɗe da irin na Provera sun sami ƙarin mutum 8 masu sankarar mama a cikin kowace 10,000 a shekara. Abin da bai yi amo a labarai ba shi ne ɗaya ɓangaren, na matan da ba su da mahaifa suna shan istrojin kaɗai, inda ba a ga ƙarin ba. Wato yatsa ya nuna rakiyar. A 2008 binciken E3N na Faransa, da ya bi mata fiye da 80,000, akasarinsu malaman makaranta, bai ga ƙarin haɗari ba ga masu haɗawa da irin na Utrogestan, ya ga ɗan kaɗan ga irin na Duphaston, ya ga mai yawa ga sauran. Bibiya ce aka yi ba gwajin kwatantawa ba, saboda haka ƙarfin hujjar bai kai na WHI ba, amma da shi da ire-irensa likitoci da yawa suka koma fara rubuta na niƙen.

Ga matar da ke cikin shekarun rikici, wataƙila babu abin da ya kai robar mahaifa mai homon amfani, irin su Mirena. An ƙirƙiro ta a Finlan, ta shiga kasuwa a 1990. Tana ɗauke da miligiram 52 na lebonojestrel, tana sakin kimanin maikirogiram 20 a rana a cikin mahaifa, daidai inda ake buƙata, abin da ke kaiwa jini kuma kaɗan ne. Tana rage zubar jini sosai, tana hana ɗaukar ciki, tana kuma kare shimfiɗar har shekara 5 ga mai amfani da istrojin, sai mace ta riƙa shafa jel ɗinta ko manna filasta kawai. Ana samun ta a asibitoci da dama a Najeriya, amma a tabbatar mai homon ce, domin robar jan ƙarfe da aka fi sani ba ta yin wannan aikin, takan ma ƙara jini. Tana da nata laifin. Watanni uku zuwa shida na farko akan yi ta ganin ɗigon jini. Ƙarin mahaifa na faibroid, wanda ya yi yawa a tsakanin baƙaƙen mata, idan ya lanƙwasa cikin mahaifa yakan hana ta zama. Kuma akwai 'yan kaɗan da ko wannan ƙanƙanin adadin yana taɓa musu zuciya. Idan mace ta ce a cire mata, a cire.

Maganar ɗigon jini ba ƙarama ba ce ga mai salla da azumi, kuma likitocin da ke duba Musulmi ya kamata su riƙa kawo ta da kansu. Tsarin mako biyu yana kawo jini kowane wata a lokacin da aka sani. Roba da tsarin kullum suna farawa da ɗigo mara tsari kafin su lafa. Sanin wannan tun farko zai ba mace damar zaɓar lokacin farawa, ta kauce wa gab da Ramadan ko tafiya Umara, ta kuma je wa malami da bayani sahihi idan tana son sanin wanne ne haila, wanne ne jinin ciwo.

Idan duk waɗannan sun gaza, ƙwararru suna da sauran dabaru, kowace da farashinta. Akan rage kwanakin zuwa 7 ko 10, ko a ba da shi sau ɗaya a wata uku, amma kariyar tana raguwa, dole a riƙa duba kaurin shimfiɗar da sikanin, wani lokaci a ɗebi ɗan samfuri a gwada. Akan rage istrojin ɗin kansa, tunda yawan rakiyar yana bin yawansa ne. Wadda ba ta kai 50 ba, ba ta shan taba, ba ta da hawan jini ko tarihin gudan jini a jijiya ko ciwon kan ɓari ɗaya mai zuwa da walƙiya a ido, ƙwayar tazarar haihuwa mai homon biyu takan daidaita mata hawa da saukar. Livial da Duavee ba sa buƙatar ƙarin furojestaron, amma na waɗanda al'adarsu ta riga ta ɗauke ne, kuma ba a ba mai tarihin sankarar mama. Cire mahaifa shi ne na ƙarshe, bayan an gwada komai.

Abin da ba ya cikin dabarun shi ne man shafawar da ake tallatawa a intanet da sunan furojestaron na doya. Gaskiya ne a shekarun 1940 Russell Marker ya gano yadda za a samar da furojestaron daga wata doyar daji ta Meziko, amma a ɗakin gwaji ake wannan juyin, jikin mutum ba ya iyawa. Cin doya ba ya ba da homon, shafa ta ma haka. Ko man da ke da furojestaron na gaske a ciki, abin da ke ratsa fata bai isa ya kare mahaifa ba. Mai shafa shi tana amfani da istrojin daidai take da wadda ba ta haɗa da komai ba, sai dai ita hankalinta a kwance yake, wanda ya fi muni.

Akwai kuma wadda za ta ce ta haƙura da homon baki ɗaya, ko wadda tun farko bai halatta gare ta ba saboda sankarar mama ko ciwon hanta. Ita ma ba a bar ta haka ba. Wasu magungunan damuwa a ƙaramin adadi suna rage zafi da zufa, kuma su ne ma kan gaba wajen maganin ƙuncin kafin al'ada. Gabafentin yana taimaka wa zufar dare. A watan Mayun 2023 Amurka ta amince da Veozah, wanda ke aiki kai tsaye a cibiyar daidaita zafin jiki ta ƙwaƙwalwa ba tare da homon ba, sai dai yana da tsada kuma sai ana gwada hanta a kai a kai.

Abu biyu ake yawan mantawa a ɗakin likita. Maganin homon na wannan mataki ba ya hana ɗaukar ciki, in ban da robar da ƙwayar tazarar haihuwa, kuma ƙwai yakan fito jefi-jefi har zuwa ƙarshe. Wadda ba ta son ciki za ta ci gaba da kariya shekara 2 bayan jinin ƙarshe idan ba ta kai 50 ba, shekara 1 idan ta wuce. Na biyu, ba kowane jini ne za a jingina wa magani ko shekaru ba. Sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu a yawa tsakanin matan Najeriya, bayan ta mama, kuma da jini take fara magana. Jini bayan saduwa, jinin da ya ci gaba da zuwa ba tsari bayan wata 6 da fara magani, ko wanda ya dawo bayan an shekara ba a gan shi ba, kowannensu yana buƙatar a duba bakin mahaifa a kuma yi sikanin, ko da mace tana shan furojestaron ɗinta ba fashi.